Wata takwas ina karatun gyaran magana da auna ji ta intanet daga Sakkwato

Ɗan yayata ne ya jefa ni cikin wannan karatu. Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara huɗu. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da rabin jinsa, maganarsa kuma ta soma lalacewa a kan idonmu. Ni malamar firamare ce, digirina na harshen Hausa ne, ban san komai a kan kunne ba sai cewa da shi ake ji. Da na ga wata jami'a a Amurka tana ba da kwasa-kwasan share fage ta intanet ga masu son shiga aikin gyaran magana da auna ji, sai na tattara kuɗin adashina na biya uku: ilimin furuci, tsarin gaɓoɓin magana da ji, da gabatarwa ga auna ji.

Tun farko a fahimci ko mene ne. A Amurka ba a zama mai gyaran magana sai da digiri na biyu, mai auna ji kuwa sai da digirin dakta na sana'ar, wanda yakan ɗauki shekara huɗu. Wanda digirinsa na farko na wani fanni ne, irina, shi ake sa wa ya yi waɗannan kwasa-kwasai kafin ya nemi gurbi. Ƙungiyarsu ta ƙwararru, ASHA, tana neman mai gyaran magana ya yi awa 400 na aiki da marasa lafiya, 25 daga ciki na zama a kalli gwani yana yi. Saboda haka abin da na saya ba lasisi ba ne. A nan gida hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma takardar share fage ba ta mai da mutum ma'aikaci. Na nanata ne don tuni wata maƙwabciya ta fara kirana likita.

Kwas ɗin kunne shi ne ya biya kuɗinsa har da riba. Bidiyoyin gajeru ne, ana iya sauke su a kalla ba data, malamar kuma ba ta gaggawa. A nan na san cewa bayan dodon kunne akwai ƙasusuwa uku ƙanana, sunayensu ma kamar a Maƙera Asada, unguwar maƙeran Sakkwato, aka raɗa: guduma, maƙera, sai na ukun likkafa, wanda ya fi kowane ƙashi ƙanƙanta a jikin mutum. Daga su sauti ke shiga wata 'yar katantanwa mai ruwa, inda ƙwayoyi masu kama da gashi suke mai da shi saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyin in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma su ne sanƙarau ke ɓatawa. Ranar da na gane haka na daina fushi da magungunan ɗiga wa a kunne da muka yi ta saye ba su yi komai ba. Ba inda suke zuwa ne matsalar take ba.

A mako na shida na ɗauko takardar gwajin jin yaron, wadda ta shekara biyu cikin jakar uwarsa ba mai iya karantawa. Jajayen da'irori na kunnen dama, shuɗayen alamun X na hagu, layin ya taso daga sauti mai kauri ya gangara ƙasa wajen mai siriri. Na ce mata, "Yaya, ba taurin kai ba ne. Muryarki yake ji, amma s da sh da ts ba sa isa gare shi." Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ashe duk dukan da munka yi mai, zalunci na." Da darasin nan kaɗai na samu, da ban yi da-na-sani ba.

Akwai kuma abin da ya hana ni sakat tun daga lokacin. An koya mana cewa ƙarar da ta kai desibel 85 ba a so a wuce awa takwas a cikinta, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Na kai markaɗe da wata manhajar auna ƙara a wayata, ta haura 90. Yaron da ke kan injin tun safe yake wurin, ba komai a kunnensa.

Inda muka saɓa shi ne ilimin furuci. Wata huɗu cur ana rubuta sautukan Ingilishin Amurka da alamomin furuci na duniya, ana jarraba mu a kan wasulan da ko a rediyo ban cika rarrabe su ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, sai a wani jadawali na gefe da aka ce ba za a tambaya ba. Karin sauti da tsawon wasali, waɗanda su ke raba kukan jariri da kukar miya, ko garin tuwo da garin da ake zama, sakin layi ɗaya suka samu. Yaron Bahaushe mai tsamin baki, ko dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace masa kalmomi, da wane ma'auni zan auna su? Jerin shekarun da aka ba mu na lokacin da yaro ke ƙware wa kowane baƙi, na yaran Ingilishi ne.

Amma in yi musu adalci, sun koyar da ƙa'ida ɗaya da ta fi jerin amfani: bambancin karin harshe ba cuta ba ne. Nan take na tuna ajina. Yaron da ya ce hwara maimakon fara, ko mi maimakon me, ba abin da ya sami bakinsa, Basakkwace ne. In aka kawo gwajin da aka tsara da Hausar Kano aka ɗora masa, rabin unguwarmu sai a rubuta su marasa lafiya. Na rubuta wannan a aikin gida, malamar ta yi ta jero mini tambayoyi, ƙarshe ni na koma ina koya mata.

Sauran wahalhalun na kowa ne. Da dala ake biya, kuma tsakanin kwas na farko da na uku canji ya ci mini kuɗin da ban shirya ba. Zaman kai-tsaye na ƙarfe bakwai na yammarsu sha biyun dare ne a nan, in sun juya agogonsu a Nuwamba ya koma ɗaya. Inna ta leƙo wani dare ta same ni a tsakar gida da kwamfuta, an ɗauke wuta, sauro na shagali, ta ce, "Wanga wane irin karatu na da ba a yi nai sai tsakad dare?" Jarrabawa kuma da kyamara ake sa ido. In intanet ya yanke sai an yi ta aika saƙon ban haƙuri, kuma mai sa idon ya taɓa cewa in ɗaga hijabi ya ga ko na saƙala wani abu a kunne. Na ce a ba ni mace. Sun ba ni, amma bayan jiran minti arba'in.

Wanda ke da niyyar digiri na biyu a can kuma yana da mai ɗaukar nauyi, wannan hanyarsa ce. Malamin makarantar kurame, ko ma'aikaciyar jinya da ke ganin yaran da ciwon noma ya ci wa baki, kwas ɗin kunne da na gaɓoɓi sun ishe su, su bar na furuci. Mai son yin aikin a Najeriya kuwa, ya fara bincikar Jami'ar Ibadan, inda aka daɗe ana koyar da fannin, kafin ya taɓa dala.

Kwas na huɗu, na yadda harshen yara ke bunƙasa, ban biya ba tukuna. Na dai sayi littafi mai shafi tamanin, ina rubuta yadda 'yan aji ɗaya suke furta ƙofa, ɓera, tsintsiya da ɗaki, kowa da shekarunsa. Ɗan yayata ne a shafin farko.