NELFUND, Sikolashif Ɗin Tarayya Ko Tallafin Jiha: Wanne Ya Dace Da Ɗalibinku?

Kafin ɗalibi ya cike kowane fom, tambaya ɗaya ce a gaba: kuɗin nan kyauta ne ko bashi? A bakin jama'a duka sunansu "tallafin gwamnati", amma a takarda ba haka suke ba. Tambaya ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita: yaushe kuɗin zai iso? Tallafin da ya zo bayan an rufe rajista bai hana ɗalibi asarar zango ba, komai yawansa.

Mu fara da NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba wa ɗalibai bashin karatu, domin shi ne ya fi yawo a baki. Bashi ne, sai dai babu kuɗin ruwa a kansa. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a Mayun shekarar. Dokar 2023 da aka soke ta nemi masu tsaya wa ɗalibi, ta kuma ƙayyade abin da iyaye ke samu. Yanzu an cire duka biyun. Ɗaliban makarantun gwamnati ne kawai ke samu, na tarayya da na jihohi: jami'a, foliteknik, kwalejin ilimi. Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye asusun makarantar, ba ya ratsa hannun ɗalibi. Alawus na naira 20,000 a wata kuwa asusun ɗalibi yake shiga, kuma sai wanda ya nema. Za a buƙaci lambar JAMB, NIN, BVN, takardar samun gurbi da lambar ɗalibi ta makaranta.

Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi, mai sana'ar kansa kuma kashi 10 na ribarsa. Ku zauna ku yi lissafin nan da biro. A ce kuɗin makaranta naira 100,000 ne a shekara, alawus kuma aka karɓa wata goma a kowace shekara, wato 200,000. A shekara huɗu bashin ya kai miliyan 1.2. Mai albashin 150,000 za a riƙa cire masa 15,000 duk wata, sai ya yi wata 80 yana biya, shekara shida da wata takwas ke nan. Kashi biyu bisa uku na wannan nauyin daga alawus ya fito. Saboda haka ɗalibin da yake kwana a gidansu, yake cin tuwon gida, shawararmu ya nemi kuɗin makaranta kawai ya bar alawus. Wanda ya bar garinsu kuma ba mai aiko masa da ko sisi, ya karɓa, kada kunya ta sa shi karatu da yunwa. Dokar ta tanadi yafe bashin idan mutum ya rasu, abin da ke kwantar wa iyaye da yawa hankali.

Inda ake samun cikas sananne ne. Idan makaranta ba ta ɗora bayanan ɗalibi a shafin asusun ba, ba zai iya nema ba, kuma maganin wannan yana ofishin makarantar, ba a shagon intanet ba. Sai saɓanin suna: Muhammad a JAMB, Mohammed a banki, ko ranar haihuwa ta bambanta tsakanin NIN da BVN. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta tsayar da neman. A gyara tun kafin a buɗe shafi, domin gyaran yana cin makonni. A sa asusun banki na sosai mai sunan ɗalibin kansa, ba na yaya ko na mahaifi ba. Matsala mafi ciwo ita ce biya sau biyu: wa'adin rajista ya matso, uba ya sayar da buhun masara ya biya, daga baya kuɗin NELFUND ya shiga makaranta. Bashin yana wuyan ɗalibi, don haka haƙƙinsa ne makarantar ta mayar masa da abin da ya biya. Ya adana rasit, ya rubuta takardar neman mayarwa zuwa ofishin kuɗi, ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. A kuma tuna, kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Sikolashif ɗin Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, shi ne kyauta ta gaskiya, ba a biya. A 2025 an ɗaga shi zuwa naira 450,000 a shekara ga masu digirin farko, HND da NCE, 600,000 ga masu digiri na biyu, 750,000 ga masu digirin digirgir. Ƙofarsa ce ƙunci. Sai ɗalibi ya kai aji biyu, yana karatun cikakken lokaci a makarantar gwamnati, ɗan jami'a kuma ana neman CGPA, wato matsakaicin makinsa na duk zangunan da ya yi, ya kai 4.0 cikin 5.0. Bayan haka akwai jarrabawa ta kwamfuta. Ma'ana, sabon shiga ba zai dogara da shi ba, amma sakamakonsa na aji ɗaya shi ne tikitinsa. Wanda ya yi wasa da zangon farko ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun bai san da ita ba. Biyan ma yakan yi jinkiri, don haka kada a ɗora masa kuɗin rajistar bana.

Tallafin jiha ya fi sauƙin shiga. Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa da sauran jihohi suna da hukumominsu, kuma babban abin da suke dubawa shi ne takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar gurbi, da rasit ɗin rajista. Galibi sai an zo tantancewa ido da ido. Wanda ya kuskure ranar ya kuskure shekarar. Adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, masu karatun likitanci da lauya sukan fi samu, biyan kuma yana bin halin baitulmalin jihar. A nema, amma a ɗauke shi kuɗin littafi da na mota.

Akwai kuma wasu shirye-shiryen: tallafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, na masu fannonin da suka shafi man fetur ne, kamar injiniyanci da ilimin ma'adanan ƙasa, gasar kuma mai zafi ce. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, malamansu yake turawa ƙarin karatu, ba ɗalibin digirin farko ba. Duk wanda ya ce ku biya ya sama muku gurbi a ciki, damfara ce. Shirin BEA, na tura ɗalibai karatu a ƙasashe irin su Rasha da Maroko bisa yarjejeniya da ƙasashen, gwamnati ta sanar da daina ɗaukar sababbi a 2025.

To, yaya za a jera su? Ɗan aji ɗaya marar ƙarfi ya nemi NELFUND da zarar an ba shi lambar ɗalibi, ya haɗa da na jiha. Ɗan aji biyu mai CGPA 4.0 ko sama ya nemi na tarayya, idan ya samu ya daina karɓar alawus ɗin bashi a shekara mai zuwa. Kafin haɗa kyauta biyu, a karanta sanarwar shekarar da kyau, domin wasu shirye-shiryen ba sa ɗaukar wanda yake cin wani sikolashif. Neman NELFUND da na tarayya ba a biyan ko kwabo, kuma kada ɗalibi ya bar wa mai shagon intanet kalmar sirrinsa ko lambar BVN ɗinsa a rubuce.