Audacity ga matashin da ke rubuta waƙoƙin yabo: inda take da ƙarfi da inda ta gaza

Matashi ya kwana uku yana gyara baitoci a kan Zabura ta 23, ya samo musu kari mai daɗi, ya rera a waya ya tura wa 'yan kwaya. Abin da ya iso kunnensu murya ce kamar daga cikin rijiya, fanka na ƙugi a bayanta, amshin kuma ya tsage daidai inda ya kamata ya ɗaga zuciya. Da irin wannan matashin a ranmu muka auna Audacity, manhajar naɗar sauti da gyara shi. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: ga aikin murya, wato karanta rubutacciyar waƙa, rera yabo da jita ko piyano, da shirya wa kwaya muryoyin koyo, ta isa har da saura. Ga haɗa kiɗa daga tushe kuwa, ba gonarta ba ce.

Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a shekarar 2000, kamfanin Muse Group kuma ya karɓi ragamarta a 2021. Kyauta ce, tana aiki a Windows, macOS da Linux, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana iya ɗaukarta. Bayanin nan a kan zubi na 3 yake. Ba ta da ta waya, don haka a kwamfuta za a sauke ta daga shafinta, audacityteam.org. Sunayen wuraren da za a danna mun bar su yadda suke a rubuce a kan allo don kada a ɓata wajen nema.

Kafin a taɓa manhajar, a duba ɗaki. Bango huɗu tsirara da siminti a ƙasa suna mayar da murya cikin makirufo, kuma babu wani maɓalli a Audacity da zai cire wannan amsa-kuwwa bayan ta shiga. A rataya bargo mai kauri a bayan mai rerawa, a shimfiɗa darduma, a kauce wa kusurwa da tsakiyar ɗaki. Baki ya kasance santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, wajen taƙi ɗaya ke nan, a ɗan karkata shi gefe. Mai rera Hausa yana da dalili na musamman na yin haka: harufan ƙ da ts suna fita da ƙarfi, f kuma tana hura iska kai tsaye, sai ka ji "tsarki" da "ƙauna" sun bugi makirufo kamar an ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ragar tare iska, ko safa mai shara-shara da aka ɗaura a kan zoben waya, tana maganin wannan.

Sai ƙarfin shigar murya, inda mafi yawa ke faɗuwa. A saman allo akwai ma'auni mai ƙarewa a 0. Ka rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, galibi amshi na ƙarshe, ka rage shigar har ma'aunin ya tsaya wajen -6 na desibel, awon ƙarfin sauti. Kada ka gwada da baitin farko mai taushi, domin mai yabo idan zuciyarsa ta motsa muryarsa takan ninka. Da zarar sauti ya taɓa 0, kan igiyar sautin, wato zanensa da ke kan allo, ya yanke, wannan ita ce tsagewar da ake ji. Audacity tana ajiye sauti a tsarin bit 32, wasu kuma suna ɗauka wannan zai cece su, alhali ɓarnar ta riga ta faru a cikin makirufo ko akwatin sauti (na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta) kafin ta iso manhajar. Kunna Show Clipping daga View, jajayen layuka za su nuna maka duk inda abin ya faru. Idan ka gan su a amshi, sake ɗauka ya fi gyara.

Abin da ya fi burge mu a manhajar shi ne jera murya a kan murya. Daga Generate ka zaɓi Rhythm Track, ka sa masa gudun waƙar, a ce bugu 72 a minti, sai ta shimfiɗa maka layin ƙwanƙwasa da zai riƙe ka kada ka gudu ko ka ja. Ka sa hedfon, ka danna Shift da R, sabon layi ya buɗe kana jin na farko. Jita tukuna, sannan babbar murya, sannan alto, teno da bes. Mutum ɗaya zai iya zama kwaya guda a cikin yini. Hedfon ɗin dole ne, domin in da lasifika kake saurare, makirufo zai sake kwashe duk abin da ke fita, ƙwanƙwasar nan kuma ta maƙale cikin muryarka har abada.

A nan ne jinkiri yake shigowa, shi ne kuma ke sa matasa da yawa su yi zaton ba su iya bin kiɗa ba. Sauti yana ɗaukar lokaci kafin ya fita daga kwamfuta zuwa kunne, ya kuma dawo daga makirufo zuwa kwamfuta, sai sabon layi ya sauka a makare. A gudun bugu 72, tsakanin bugu da bugu milisakan 833 ne, amma makarar milisakan 50 kacal ta isa ta sa muryoyi huɗu su yi kamar suna jan ƙafa. Gyaran ba wuya, sau ɗaya ake yi. A cikin saitunan sauti ka mayar da Latency compensation zuwa 0. Ka manna kunnen hedfon a bakin makirufo, ka naɗi ƙwanƙwasar a sabon layi. Ka faɗaɗa hoton sosai, ka auna tazarar da ke tsakanin bugun asali da wanda aka naɗa. In ka sami milisakan 140, sai ka rubuta -140 a wurin. Duk ranar da ka canza makirufo ko akwatin sauti, a sake awon. Hedfon na Bluetooth kuwa a ajiye shi gefe: jinkirinsa yana da yawa, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya balle a auna shi.

Ga mai karanta rubutacciyar waƙa akwai wata dabara mai daraja. In harshe ya sarƙe a ɗango na uku na baiti na biyar, ba sai an koma farko ba. Ka ajiye alama kafin kuskuren, ka danna Shift da D. Manhajar za ta kunna maka 'yan daƙiƙun da suka gabata don ka kama numfashi da sautin da kake kai, sannan ta ci gaba da naɗa daga nan. Ctrl da B kuma yana maƙala suna a kan wuri, ka rubuta baiti na 1, amshi, baiti na 2, yadda ba za ka ɓata cikin dogon zane ba. Gargaɗi ɗaya: akwai Truncate Silence mai datse shiru da kansa. Kada ka sake shi a kan waƙa ko karatun Zabura. Shirun da ke bayan ɗango wani ɓangare ne na karin, can ne mai sauraro yake haɗiye maganar.

Wajen tsabtace sauti, Noise Reduction yana aiki ne a mataki biyu, kuma yana bukatar ka bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon ɗauka, makirufo a kunne, kai kuma ko motsi babu. Ka zaɓi wannan shirun, ka danna Get Noise Profile don manhajar ta san ƙarar ɗakin, sannan ka zaɓi layin duka ka sake buɗe shi ka zartar. Desibel 6 zuwa 12 sun wadatar. In ka zarce zuwa 20 ko sama, ƙugin zai tafi amma murya ta koma kamar ana magana ta cikin bututun ruwa. Yana iya wa ƙara mai ɗorewa irin ta fanka. Kukan yaro ko hon ɗin mota sun fi ƙarfinsa. In gunjin lantarki ne, gwada zare cajar kwamfuta ka yi aiki da batir, sau da yawa shi ke nan. High-Pass Filter a kan hertz 80 (awon kaurin sauti ko sirantakarsa) yana kwashe rugugin ƙasa daga yawancin muryoyi, amma mai bes yakan sauka kusa da nan, nasa a bar shi wajen 60. Reverb, mai ƙara wa murya amo, a sa kaɗan, daidai yadda za a ji ɗaki ya buɗe. Waƙar yabo saƙo ce, in kalmomin suka narke cikin amo an yi asarar abin da aka rubuta.

Masu koyar da kwaya za su so wannan: bayan an jera muryoyi huɗu, a rage uku da desibel 12 a bar alto a sama, a fitar da fayil, a maimaita wa sauran. Kowane ɗan kwaya ya tafi gida da muryarsa a fili, sauran na raɗa a bayanta. In kiɗan ya yi wa jama'a tsayi, Change Pitch zai sauke shi ba tare da taɓa gudu ba, Change Tempo kuma ya rage gudu ba tare da taɓa tsayin sauti ba. A kan jita ko piyano abin yana tafiya lafiya, amma muryar mutum in aka matsa ta fiye da rabin mataki biyu ko uku (rabin mataki shi ne tazarar maɓallin piyano zuwa na kusa da shi) sai ta daina kama da mai ita.

Gazawarta a bayyane take. Babu ganguna ko piyano na cikin kwamfuta da za ka kaɗa, ba ta naɗar MIDI, wato saƙon kiɗan da piyanon lantarki ke aika wa kwamfuta, kuma ba ta zo da abin miƙe muryar da ta kauce ba. Wanda burinsa haɗa kiɗa ya nemi irin su LMMS, Reaper ko FL Studio, mai son rubuta alamomin waƙa kuma ya nufi MuseScore. Na'urar shigar sauti ɗaya take karɓa a lokaci guda, don haka makirufo biyu masu USB ba za su yi aiki tare kai tsaye ba. A nemi akwatin sauti mai ƙofa biyu.

Abin da ya fi kamata a kiyaye shi ne yawancin gyare-gyaren menu na Effect suna cin sautin ne kai tsaye. Ctrl da Z yana mayar da kai baya muddin aikin na buɗe, amma da ka rufe, tarihin ya tafi. Zubi na 3.2 na 2022 ya kawo gyaran da ake iya cirewa daga baya, sai dai bai shafi komai ba. Saboda haka da ka gama rerawa, kafin ka taɓa ko da numfashi ɗaya, fitar da ɗanyen sautin a matsayin WAV, fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka ajiye a wani wuri. Fayil ɗin aiki mai ƙarewa da aup3, wanda ya zo da zubi na 3.0 a 2021, Audacity kaɗai ke buɗe shi, ba shi ake tura wa mutane ba. Yana da cin wuri: layi ɗaya yana cin wajen megabait 10 a minti, muryoyi huɗu na waƙar minti biyar sun haura 200 ke nan tun kafin gyara. A yi aikin a cikin kwamfuta, a kwafa zuwa filas bayan an rufe manhajar.

Daga ƙarshe a yi Normalize, mai daidaita ƙarfin sautin duka, zuwa desibel -1, a fitar da WAV na ajiya da MP3 mai ingancin kbps 192 na rabawa, wanda ke cin ƙasa da megabait ɗaya da rabi a minti. Kada a buɗe MP3 a gyara a sake fitarwa, kowane zagaye yana rage masa inganci. A koma kan WAV. A wurin bayanan fayil kuma a cike sunan waƙa, sunan wanda ya rubuta, shekara, da ayar da aka gina ta a kai, domin waƙar yabo in ta shiga hannun jama'a takan yi nisa fiye da inda mai ita ya zata.