Birekar DB-50 ta Westinghouse: ƙarfe mai kyau, amma sai da kulawa

Bireka na'urar yanke wutar lantarki ce. A tashar nukiliya, aikin wannan ɗaya ne: ta yanke wutar da ke riƙe da sandunan sarrafa tukunyar nukiliya, su faɗa ciki, tukunyar ta mutu. Jikinta da ƙwari, ba laifi. Rauninta yana ɗan maƙalin da ke sakin kunamar da ke buɗe birekar idan wuta ta ɗauke. Ƙarfinsa kaɗan ne, ƙura ko busasshen maiko ya isa ya riƙe shi. Haka aka yi a tashar Salem ta Amurka ranar 25 ga Fabrairu 1983: bireka biyu suka ƙi buɗewa, sai da hannu aka kashe tukunyar. Abin tsoro ne. Hukumar NRC mai kula da harkar nukiliya a Amurka ta fitar da wasiƙa mai lamba 83-28, ta wajabta shafa mai a kan kari, bin diddigin lokacin buɗewa, da sa wani naɗin waya, ban da maƙalin nan, ya riƙa buga kunamar da kansa.