AutoCAD na jan ƙafa a tsohuwar kwamfuta: gyara za ka yi ko sabuwa za ka saya?

Yawancin masu zanen fulan gini da manhajar AutoCAD a garin nan na Kano, tun daga ɗaliban BUK da Poly har masu ƙaramin ofis da ke kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, da tsohuwar laftof ake fama, kuma kukan ɗaya ne: ka ja layi sai ya yi tunani, ka zuƙo zane ya maƙale, ka taɓa hacin, wato cikon da ake zuba wa zane, sai sikirin ya yi fari fat. Daga nan sai mutum ya ce shikenan kwamfuta ta mutu, ya fara lissafin kuɗin wata. Toh dakata tukuna malam, sau da yawa ba sai an kai nan ba, kuma ko da sayen za a yi akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga Beirut Road ko Farm Centre a cika maka kunne da "oga wannan Core i7 ce".

Abu na farko kyauta ne. Buɗe zanen da ya fi ba ka wahala, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ka shiga Performance ka zuba ido kana aiki. In Disk ne ke tsaye a 100% toh faifan ajiya ne matsalarka. In Memory ce ta cika har wuya, RAM ce. In CPU ne, wato furoseso, yake tashi da gudu sannan bayan ɗan lokaci gudun ya faɗi fanka na ihu, wannan zafi ne ba tsufa ba, kuma a Kano shi ne aka fi mantawa da shi. Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, ga watan Afrilu da Mayu zafi na kai 40, furoseso in ya ji wuta da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone. Kai ta wajen mai gyara a buɗe a hure a sa sabon man nan na kan furoseso, kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma ka daina ɗora ta kan katifa dan Allah.

Shi kansa zanen ma a duba shi. Fayil ɗin da ya zaga hannun mutum biyar, kowa ya kwafo kujeru da bishiyoyi da motoci daga tsohon aikinsa ya zuba, cike yake da tarkacen da ba ka gani. Akwai umarnin da za ka rubuta a cikin AutoCAD: PURGE zai share abin da ba a amfani da shi, AUDIT ya gyara kurakurai, OVERKILL ya cire layukan da suka hau kan juna. Leyar da ba ka aiki da ita ka daskarar da ita, wato Freeze, ya fi kashewa kawai sauƙaƙa wa injin. Ka mayar da SELECTIONPREVIEW zuwa 0, ka shiga GRAPHICSCONFIG ka gwada kunna Hardware Acceleration da kashe shi ka ga wanne ya fi maka, don a tsofaffin injina wani lokacin kashewar ce ta fi. In duk ka yi wannan abu bai canza ba, yanzu ne za a yi maganar kuɗi.

A ganina kuɗin farko SSD ya kamata ya ci, wato sabon faifan ajiya mara juyawa, in har kwamfutarka tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta. Irin na laftof mai juyi 5400 da kyar yake wuce megabait 100 da ɗan wani abu a sakan, shi kuwa SSD na SATA wajen 500 yake yi, kuma inda ya fi nuna kansa ma wajen ƙananan fayiloli ne barkatai, irin waɗanda Windows da AutoCAD ke karantawa lokacin tashi. Amma gaskiya ɗaya, SSD zai sa kwamfuta ta tashi da wuri, zane ya buɗe da wuri, sebin na otomatik ya daina tsayar da kai, ba zai sa zuƙowa da juya 3D su yi santsi ba, wannan aikin wasu ne. 256GB zai ɗauki Windows da AutoCAD, 512GB ya fi kwanciyar hankali in kana da Revit ko SketchUp. Ka tambaya ko injinka na da ramin M.2, inda ake sa siririn SSD, kuma wane iri yake karɓa, don akwai na SATA akwai NVMe, kamanninsu kusan ɗaya amma ba kowane rami ke ɗaukar duka biyun ba. In na hannu za ka saya a sa CrystalDiskInfo a gabanka ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi yana aiki, mai kaya mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Sai RAM. Sababbin AutoCAD 8GB ne mafi ƙarancin da Autodesk ke nema, kuma wannan kafin ka buɗe Chrome da WhatsApp da PDF ɗin mai aiki, don haka mai 4GB wahala kawai yake sha, 16GB shi ne inda mutum ke numfashi. Daga 16 zuwa 32 kuwa in zanen gida mai hawa ɗaya ko biyu kake yi a 2D ba za ka ji bambancin da ya kai kuɗin ba. Nan ake yawan sayen abin da bai shiga ba: RAM irin DDR3 da DDR4 tsagarsu ba a wuri ɗaya take ba, sannan laftof masu furoseson Intel zubi na 4 galibi DDR3L suke so mai 1.35V, ba DDR3 zalla ba. Wasu siraran laftof kuma RAM ɗin a like take da allon, babu ƙari har abada. Tafi da injin shagon a sa a kunna ka gani da idonka, ya fi ka saya ka dawo ana jayayya. Kuma in Windows ɗinka 32-bit ce ko ka zuba 16GB abin da bai kai 4 ba za ta gani, ga shi AutoCAD tun daga na 2020 ya bar 32-bit gaba ɗaya.

Katin hoto shi ne inda ake ɓarnar kuɗi. A laftof kusan duka ba ya canzuwa, duk wanda ya ce zai ƙara maka ka yi masa sallama. A destof irin OptiPlex ko EliteDesk ana iya sa ƙaramin kati kamar Quadro P620 da ba ya neman wayar wuta ta daban, in destof ɗin sirara ce ka nemi kati mai gajeren ƙarfe. Amma mai zanen 2D zalla bai cika buƙatarsa ba, mai Lumion da renda, wato fitar da hoton gini kamar na gaske, shi ne ba shi da mafita.

Yanzu maganar canza injin. AutoCAD yawancin aikinsa a kan ƙwaya ɗaya ta furoseso yake yinsa, kamar lungun cikin gari ne, ko motoci goma gare ka ɗaya ce za ta wuce a lokaci guda, don haka gudun ƙwaya ɗaya ya fi yawansu muhimmanci. Shi ya sa sitikar i7 ba ta gaya maka komai. Lambar za ka karanta. i7 mai ƙarewa da U, irin na EliteBook 840, an yi shi ne don ofis da adana batir, wat 15 yake ci, mai ƙarewa da H ko HQ wat 45 ne kuma yana jure dogon aiki. Lambar farko ita ce zubin (daga zubi na 10 lambobi biyun farko ne), 6820HQ zubi na 6, 8750H zubi na 8, kuma i5 na zubi na 8 sau da yawa zai ba i7 na zubi na 4 kashi.

Zubi na 8 ɗin nan ka riƙe shi da kyau, saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa tare da TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin injin. Eh ana yi mata dabara a ɗora a tsofaffi, amma wanda zai fitar da kuɗin injin yau ban ga dalilin da zai sa ya sayi mai buƙatar dabara ba. Cikin na hannu da ke shigowa, ZBook 15 G5, Precision 7530 da ThinkPad P52 duk zubi na 8 ne, galibi da katin Quadro, da fanka biyu, da wurin ƙara RAM sosai. ZBook G3 da Precision 7510 sun fi araha kuma har yanzu suna jan AutoCAD lafiya lau, sai dai zubi na 6 ne. Aibinsu duka nauyi da cin wuta, cajarsu wat 150 zuwa 180 ko fiye, batirin na hannu ba ya daɗewa, toh in unguwarku wuta sai an ga dama kuma ƙaramin inbata gare ka ka sa wannan a lissafi tun yanzu. Ga wanda ke yawo sayit da zanen 2D, wlh laftof ɗin ofis zubi na 8 mai 16GB da SSD ta fi masa amfani a kan wannan jibgegen. Destof ta fi duka arha a kan ƙarfin da take bayarwa kuma ta fi jure zafi, amma ba UPS ana ɗauke wuta aikinka ya tafi.

Akwai kuma canza manhajar maimakon injin, wanda mutane ba sa kawowa a rai. Ba dole sai na bana ba, tsarin fayil ɗin zanen AutoCAD, wato DWG, na 2018 shi sababbin ke amfani da shi, kuma DWG TrueView kyauta ne yana mayar da fayil zuwa tsohon tsari. AutoCAD LT na 2D ne zalla kuma ya fi arha. ZWCAD da GstarCAD na ƙasar Sin da BricsCAD na Beljiyam duk suna buɗe DWG, umarninsu kusan iri ɗaya ne da wanda hannunka ya saba, sun fi sauƙi a kan tsohon inji, kuma ana sayensu sau ɗaya, ba kamar Autodesk da ta koma biyan haya tun 2016 ba. Suna ba da kwanakin gwaji, ka gwada kafin ka sa ko sisi a ƙarfe. Ɗalibi kuma yana da lasisin Autodesk na shekara kyauta in ya nuna shaidar makaranta, ya fi kirak, wato na sata mara lasisi, da ake ɗora wa mutane a shago, wanda wani lokacin da ƙwayar cuta yake zuwa tana cinye furoseso a ɓoye kai kana zagin kwamfuta.

Ranar sayen ka tafi da filas mai ɗauke da zanenka mafi nauyi, a buɗe shi a kan injin ka yi aiki na kamar minti ashirin har ya ɗumama, ka ji ƙarar fanka, ka cire caja ka ga ko gudun ya faɗi, ka rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt ka ga ragowar ƙarfin batir. Ka tabbatar ba kalmar sirri a BIOS, caja ta asali ce mai cikakken wat, kuma a rubuta maka lambar injin da kwanakin garanti a jikin rasit.