Kayan da Ya Kamata a Tanada Kafin Wanda Aka Sauya wa Gwiwa Biyu Ya Dawo Gida

Wanda aka sauya wa gwiwa ɗaya yana da ƙafa mai lafiya da zai jingina a kanta. Wanda aka yi wa biyun a rana ɗaya ba shi da ita, don haka hannayensa ne za su ɗauki nauyin tashi da zama har na makonni. Da wannan ake auna duk abin da za a saya: ya yi tsayi yadda ya kamata, akwai inda za a dafa, kuma ba ya gocewa a ƙasa. Kuɗin da yawancin iyalai ke zubawa a kan injina masu tsada ya fi amfani a wurare uku da majinyaci zai riƙa zama, wato masai da kujera da gado, sai kuma ladan likitan gashi, wato mai koya wa majinyaci motsa jiki bayan aiki.

Kafin a je kasuwa a ɗauki tef. Majinyaci ya tsaya da takalmin da zai riƙa sawa, a auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwa, a ƙara santimita 5. Kada wani mazauni a gidan ya gaza wannan tsayin. A auna kuma daga ƙasa zuwa wuyan hannu, hannun yana sake a gefe, a rubuta. Sai nauyin jiki, sai faɗin ƙofar banɗaki. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, sai an kawo kaya a tarar ba ya shiga.

Abin dogarawa

Madogarin ƙarfe da ake riƙewa da hannu biyu iri uku ne. Akwai mara taya, wanda sai an ɗaga shi a kowane taku. Ya fi kowanne tsayawa daram, amma a lokacin da aka ɗaga shi nauyin jiki duka yana kan gwiwoyi biyu da aka yanka, kuma yana gajiyar da kafaɗa. Akwai mai taya biyu a gaba, ƙafafun baya da roba. Wannan turawa ake yi, idan aka danna nauyi a kansa sai ya tsaya. Shi ne ya fi dacewa da yawancin mutane a cikin ɗaki mai tayil ko sumunti. Na uku mai taya huɗu ne da birki da ɗan mazauni. Yana da kyau a ido, masu shago kuma sun fi son sayar da shi, amma a makonnin farko yana guje wa mutum, musamman wanda magani ya sa masa jiri. A bar shi sai daga baya, in ma an buƙace shi.

Idan tsakar gida ƙasa ce ko rairayi, ƙananan tayoyi nutsewa suke yi. A irin wannan gida mara tayar ya fi, ko a nemi mai manyan taya.

A duba waɗannan a shago. Ƙafafun su zama masu daidaituwa, a sa mariƙin daidai wuyan hannu, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa idan an riƙe. Gajere yana sa sunkuyo da ciwon baya, dogo kuma ba ya bari a danna da ƙarfi. Na alminiyam da aka saba gani yakan ɗauki wajen kilo 135, kuma ana rubuta iyakar a jikinsa. Mai jiki sosai ya nemi na musamman mai faɗi. Idan mai naɗewa ne, a buɗe shi a ji maɓallin ya yi ƙara ya kulle, sannan a girgiza. Wanda aka taɓa amfani da shi ba laifi ba ne muddin ƙarfen bai lanƙwashe ba, sai dai a sauya robar ƙafafun, domin wadda ta cinye tana santsi a kan tayil. A ɗaura masa ƴar jaka ta waya da gorar ruwa, saboda hannu biyu ba su da sukunin ɗaukar komai.

Sandunan hammata ba su dace da farko ba, suna buƙatar daidaito da ƙarfin da mai gwiwa biyu bai da shi tukuna, kuma rataya a kansu na danne jijiyar hammata har hannu ya yi sanyi. Sandunan da ke kama damtse sun fi, amma lokacinsu sai likitan gashi ya ce a bar madogari, yawanci bayan makonni biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye. Keken guragu kuwa kada a saya. A ara don ranar komawa asibiti kawai. Wanda ya samu keke a gida yakan daina takawa, kuma takawar ita ce maganin.

Masai

Nan ne aka fi faɗuwa, nan kuma aka fi jin kunyar neman taimako. Masan zama na yau da kullum tsayinsa wajen santimita 38 zuwa 40 ne, ya yi ƙasa ga kusan kowane babba da aka yi wa wannan aiki. Zaɓi biyu ne. Akwai robar da ake ɗorawa a kai ta ƙara santimita 5 ko 10 ko 15. Tana da sauƙin kuɗi, amma mara hannu ba ta warware matsalar, domin babu inda za a dafa, kuma wadda ba a ɗaure ta da kyau ba tana karkacewa. Akwai kuma kujerar bahaya mai ƙafa huɗu da hannaye biyu da bokiti a ƙasa. Ita muka fi ba da shawara. Da dare a ajiye ta gefen gado, da rana a cire bokitin a ɗora ta bisa masai, wasu ma ana iya wanka a kansu.

A gidan da masai na tsugunno ne ko salga, babu ma zaɓi, kujerar dole ce. Ana dasa ta a kan ramin, amma a tabbata ƙafafu huɗun sun zauna a wuri ɗaya shimfiɗaɗɗe, ba ɗaya a kan tudun taka ƙafa ba. In wurin bai daidaita ba, a yi amfani da bokitin a ɗaki. Kuma iyali su sani tun yanzu cewa tsugunno har ƙasa ba abu ne da yawancin masu gwiwar roba da ƙarfe ke komawa gare shi ba, ko bayan warkewa. Mai hali ya sa a dasa masan zama mai tsayi, santimita 43 zuwa 48, kafin ranar aiki. Ƴar mesa ta tsarki ta fi buta sauƙi, don ba sai an sunkuya ɗauko ta ba. Ga namiji, gorar fitsari a gefen gado tana rage tashi biyu ko uku cikin duhu.

Ƙarfen dafawa na bango kuwa, a sayi wanda ake huda bango a ɗaure da sukuru. Mai manne wa tayil da iska ba ya ɗaukar nauyin mutum, yakan sake ba gargaɗi. Haka ma ƙarfen rataye tawul da bakin famfo. Mai walda na iya yin mai kyau da bututu, in dai an goge kaifin an kuma kafa shi sosai.

Kujera, gado da wurin wanka

Kushin na falo mai laushi da zurfi shiga cikinsa da sauƙi, fita ce aiki. Farar kujerar roba ta taro ita ma a kauce mata, ƙafafunta na buɗewa idan aka danna hannu ɗaya da ƙarfi. Abin nema shi ne kujerar katako ko ƙarfe mai taurin mazauni, mai hannaye da suka kai har gaba, tsayi wajen santimita 45 zuwa 50 ko gwargwadon awon da aka yi. Kafinta zai iya ƙara wa wadda ake da ita tsayi da gungumen katako mai rami da ƙafar za ta zauna ciki. Tara filo a kai ba ya maye gurbin wannan, domin mazaunin na tashi amma hannayen suna komawa ƙasa.

Kujerar lantarki mai ɗaga mutum ta miƙar da shi tana da amfani ga mai raunin kafaɗa ko mai nauyi sosai. Illarta biyu. Idan aka ɗauke wuta tana kishingiɗe, mutum ya maƙale, sai in tana da batir. Sannan tana riƙe gwiwa a ɗan lanƙwashe sa'o'i da yawa, tana kuma hana cinya aikin da ake so ta koya. Ga yawancin mutane kuɗinta ya fi amfaninta.

Wannan kujera mai hannaye ita ce kuma ta salla, tun da durƙuso da sujada a ƙasa ba za su yiwu ba a wannan lokaci. Alwala ma a zaune a kan doguwar kujera, wani ya taimaka da ƙafa, a kuma goge ruwan da ya zuba nan take.

Mai kwana a katifa a ƙasa sai an samo masa gado. Katifar ta zama mai tauri, kuma a sauko da gadon ƙasa in ɗakin a bene yake. Gadon asibiti mai hannun juyawa ba dole ba ne. Wajen wanka, ƴar kujerar tsugunno ta tashi daga aiki. A sayi kujerar wanka mai ramuka da robar ƙafa, a ɗora bokitin a kan benci yadda ba sai an duƙa ba, a shimfiɗa tabarmar roba mai hana santsi. Akan cire ɗinki ko ƴan ƙarafan da aka haɗe fatar da su tsakanin kwana 10 zuwa 14, kuma likita ne zai faɗi ranar da ruwa zai iya taɓa wurin.

Ƙanƙara da ɗaga ƙafa

Kumburi ne ke hana gwiwa lanƙwasa, shi ya sa sanyi ke da muhimmanci. Jakar sanyi mai kauri da ake daskarwa a firiza ita ce mafi sauƙi. Gwiwa biyu na buƙatar huɗu, biyu a jiki biyu a firiza, kuma a sayi manya masu maɗauri da ke zagaye gwiwar. Injin da ke zagaya ruwan ƙanƙara ta cikin mayafi yana riƙe sanyi ya daɗe, amma sai an samu mai reshe biyu, yana cin ƙanƙara da yawa, kuma sai da wuta. Inda wuta ba ta tsayawa, kular ajiye ƙanƙara mai kyau da ƙanƙarar da ake saya kullum a daka a zuba a leda biyu sun fi injin da jakar duka tabbas.

Kowanne aka zaɓa, minti 15 zuwa 20 ne a lokaci ɗaya, da ƙyalle tsakanin sanyin da fata. Fatar gefen waje na tabon takan mutu da ji bayan aiki, don haka sanyi na iya ƙona ta mutum bai sani ba, mai ciwon suga ya fi shiga haɗarin. Ruwan zafi da tawul, wanda aka saba gasa ciwo da shi, yana ƙara kumburi a sabon aiki.

Matashin ɗaga ƙafa mai gangare yana da kyau in ya ɗauki ƙafafu biyu a miƙe. Filo uku na gida ma sun isa. Sharaɗin ɗaya ne: a sa a ƙarƙashin sharaɓa da diddige, kada a cusa a bayan gwiwa. Yana da daɗi a can, amma gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe takan ƙi miƙewa, mai ita ya dawwama yana ɗingishi.

Injina

Za a iya tallata muku injin CPM, wanda ke lanƙwasa ƙafa yana miƙewa mutum na kwance. Nazarin ƙungiyar binciken likitanci ta Cochrane na 2014 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa ya nuna ƙarin lanƙwasar da yake kawowa bai wuce wajen digiri 2 ba, abin da ba a ji a jiki. In ba likitan da ya yi aikin ne ya nema don wani dalili ba, a bar shi. Jawo diddige a kan gado, da leda a ƙarƙashinsa don ya yi sulɓi da zani ko rawani a tafin ƙafa ana ja, yana yin aikin kyauta. Wannan zanin shi ne kuma ake ɗaga ƙafa da shi zuwa kan gado a kwanakin da cinya ba ta amsawa.

Abin da ake bi shi ne gwiwa ta miƙe sarai, ta kuma lanƙwasa digiri 90 cikin makonni biyu ko uku, sannan 110 zuwa 120 a watanni uku. Wadda ta tsaya ƙasa da 90 bayan makonni shida, a koma wa likita da wuri, domin lanƙwasa ta a ƙarƙashin allurar barci ya fi yin nasara kafin makonni 12. Keken motsa jiki na tsaye yana da amfani sosai, amma feda ba ta zagayawa sai gwiwa ta kai wajen digiri 105 zuwa 110, don haka ba sayen makon farko ba ne. Mai jingina baya ya fi sauƙin hawa ga mai gwiwa biyu. Ƴar fedar da ake ajiyewa gaban kujera ta fi arha, sai dai tana gudu a kan tayil in ba a tokare ta da bango ba.

Na kantin magani

Za a sallami majinyaci da maganin hana gudan jini, ko asfirin, ko rivaroxaban, ko apixaban, ko allurar enoxaparin, na aƙalla kwana 10 zuwa 14, wasu har kwana 35. A sayi na kwanakin duka lokaci ɗaya don kada a tsallake. Kada a ƙara diclofenac ko ibuprofen ko jiƙe-jiƙe a kai ba da sanin likita ba, suna iya jawo zubar jini. Safar matse ƙafa, idan an rubuta, da awon idon sawu da sharaɓa ake sayenta, wadda ta naɗe ta yi zobe a ƙasan gwiwa tana tare jini ne. Wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ya tambayi likitansa ranar da zai iya hawa jirgi da yadda zai sha maganin a hanya, domin dogon zama na ƙara haɗarin gudan jini.

A haɗa da maganin laushin bahaya, saboda tramadol da danginsa na ƙulle ciki, da ma'aunin zafin jiki, da fitilar caji a hanyar banɗaki, da takalmi mai rufe diddige wanda ya ɗan fi ƙafa girma don kumburi. Silifa a ɓoye su, dardumar tsakar ɗaki a naɗe. Zazzaɓin da ya wuce digiri 38, ko ruwa na fita daga ciwon, ko ja da ke yaɗuwa, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, a kira likita a ranar. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa asibiti ne nan take.

Mai jinya da zai kwana kusa dare da rana na mako ɗaya zuwa biyun farko yana cikin lissafi, kuma ya zama mai ƙarfin tare babba, ba yaro ba. Aikin gwiwa biyu na cin jini fiye da na ɗaya, jiri lokacin miƙewa ya zama ruwan dare, don haka majinyaci ya zauna a bakin gado na minti ɗaya kafin ya tashi. Mai jinyar ya tsaya a gefe ya riƙe ɗamara a ƙugu, kada ya ja shi ta hannu ko ta hammata. Ranar sallama a zo da mota mai ɗan tsayi, a tura kujerar gaba baya iyakarta, a shimfiɗa leda a kai. Majinyaci ya fara zama da baya, sannan a juyo da ƙafafun ciki ɗaya bayan ɗaya.