Yankari ko Mambila? Amsa ga angonmu na Gombe

Ango, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Tsakanin Yankari da Mambila, inda za ka kai amarya ku ga namun daji da kayan tarihi a ɗan hutun nan da ka samu, ka tafi Yankari. Na ga 'yan uwa suna ta jibgo maka hotunan koren tsaunuka da hazo, wai Mambila Turai ce a Najeriya. Ban musa kyanta ba. Amma ka tambaye su ko sun ga wata dabba a can bayan shanu.

Hanya ma kaɗai ta isa ta raba gardamar. Daga Gombe titin Bauchi za ka hau, ka wuce Alkaleri, ka zo Dindima, nan za ka karya hagu. Kusan kilomita 29 ne zuwa ƙofar dajin a ƙauyen Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai wasu kilomita 42 a cikin daji kafin ka isa Wikki, inda masauki yake. Ka riƙe lissafin nan na biyu, don a kansa ake cutar baƙi. In kun bar Gombe bayan karin kumallo, azahar a Wikki za ku yi ta. Mambila kuwa sai ka bi Kumo, Billiri, Kaltungo, ka faɗa Numan, ka kwana Jalingo, washegari ka sake ɗaura ɗamara: Bali, Serti, Mayo Selbe, sannan a fara hawan dutsen da in ka leƙa ta taga sai ka ja salati. Zuwa da dawowa kawai sun cinye maka kwana huɗu. Hutun ma nawa yake?

Dalilin da ya sa ake ganin dabba a Yankari ba a ganinta a can ba wani asiri ba ne. Yankari dajin sarari ne, itatuwa jefi-jefi da ciyawa, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma kogin Gaji ne ya ratsa shi. Da rani ya yi nisa, tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, duk mai rai a dajin dole ya gangaro bakin Gaji ya sha ruwa. Motar yawon gandun kwarin kogin take bi, kai dai zama naka ne. Shi ya sa nake ce maka ka sa ranarka tsakanin Fabrairu da Afrilu. E, akwai zafi, zafin da ka sani a Gombe ne, ba baƙonka ba. Wanda ya je a watan Agusta, ciyawa ta shanye mota, ruwa ko'ina, dabbobi sun watsu, shi ne yake dawowa yana cewa ba komai a Yankari sai birai.

Fitar asuba ita ce fita. Kada ka yarda da ta hantsi, lokacin rana ta ɗaga, kowa ya shige inuwa. Wata shekara na je da iyali, muka fita bayan sallar asuba, sanyin kwari yana ratsa riga. Mun wuce garken gwambaza, mun ga mazo ya tsaya cak a gindin kurmi yana kallonmu, mun ga ɓauna daga nesa sun yi baƙi ƙirin. Can sai ɗan jagoranmu ya buga rufin mota, direba ya kashe inji. Ya nuna mana ƙasa: kashin giwa ne tuli a tsakiyar hanya, har yana tururi, ga rassan itace an ɓalle su ɗanyu shar an watsar. Ya sa yatsa a baki. Ba mu ga komai ba tukuna, sai ƙarar karyewar itace daga hannun dama, ƙas, ƙas, sannan wani gurnani can ƙasa-ƙasa wanda a ƙirji ka fi jin sa. Sai ga babbar ta fito, ta ɗaga hanci sama tana shinshina iska, kunnuwa a buɗe, ƙura ta yi mata ja a gadon baya. Ta tsaya ta tare hanya har sauran suka tsallaka ɗaya bayan ɗaya, da wani ɗan ƙarami yana tuntuɓe a tsakanin ƙafafun uwarsa. Autata, wadda ta cika mu da surutu tun daga Bauchi, ta damƙe gefen rigata ba ta ce uffan ba. Uwargida kuwa tasbihi kawai take yi. Har yau in ana hira a gida sai an tayar da zancen giwar nan.

Sai dai in faɗa maka gaskiya tun yanzu, ba kowa ke dacewa ba. Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar nan. Mafarauta masu neman haure sun yi musu ɓarna a shekarun baya, abin ya lafa ne bayan da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta haɗa hannu da gwamnatin Bauchi a 2014 aka ƙarfafa sintiri. Zaki akwai, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai, kada ka sa rai. Abin da ba ya kuskurewa shi ne gwambaza, bika, jan biri, kada a bakin ruwa, in an yi sa'a gwanki da dorina, ga tsuntsaye sama da iri 350. Gadu kuwa a cikin masaukin ma suke kiwo, suna durƙusawa kan gwiwa suna tonon saiwa, in sun firgita su zura da gudu wutsiya a miƙe kamar eriyar rediyo. Ku yi kwana biyu ku fita sau biyu, ya fi ku zo da safe ku juya da yamma.

Bikan Wikki sai ka yi hattara da su. Sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa. A gabana wani ya fizge ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana ɓare ledar a tsanake yana kallonta. Ka kulle ƙofa da makulli ko da minti biyu za ka fita, ka ɗaga gilashin mota, kada amarya ta riƙe abinci a fili, kuma kada ku ba su komai da hannu.

Ruwan Wikki shi ne abin da Mambila ba ta da irinsa. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, lita miliyan 21 a kullum yana gangarawa cikin Gaji. Garau yake, kana tsaye ruwa iya ƙirji kana ganin farcen ƙafarka a kan farin yashi. Wajen dutsen akwai zurfi, in ba ka iya iyo ba ka tsaya ta ƙasa. Tunda da iyali za ka je, ka kauce wa ranakun ƙarshen mako da hutun Sallah da na Kirsimeti, lokacin ɗalibai da 'yan yawon shaƙatawa ke cika wurin da kiɗa, mace mai kunya ba za ta sake ba. Talata ko Laraba da sassafe za ku iya samun wurin shiru, ta zauna a bakin matakala ta tsoma ƙafa ba mai kallonta.

Masu cewa Yankari dabba ce kawai ba tarihi, ba su nemi a kai su ba ne. Tun kafin a keɓe dajin a 1956, a buɗe shi ga baƙi a 1962, mutane sun rayu a cikinsa sun bar sawu. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutse, ƙofar kowanne sai ka sunkuya. Akwai rijiyoyin Dukkey sama da 130 waɗanda ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa. Akwai Ampara, inda mutanen da suke narka tama su fitar da ƙarfe, har yanzu ginin wutarsu na tsaye. Ka gaya wa ɗan jagora tun da dare cewa kuna son zuwa, don ba kullum motar safe ke bi ta can ba.

In ka fito, kada ka juya Gombe kai tsaye, ƙaraso Bauchi ka kwana ɗaya. Ka kai ta kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan da aka kashe a Janairun 1966: za ku bi ta wani dogon lungu mai duhu, haske na ƙaruwa a hankali, sai ku ɓulla fili inda kabarin yake, ba rufi ba ado, ku yi masa addu'a. Ku zaga ta ƙofar fadar Sarki. In da sauran ƙarfi, ku kama hanyar Ningi zuwa Kafin Madaki ku ga ginin Babban Gwani, wanda Muhammadu Durugu, maginin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya gina da ƙasa a 1860. Gandun Sumu ma a wannan yankin na Ganjuwa yake, can ne raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006 suke.

Mambila kam, to, akwai sanyi, akwai kore, akwai gonar shayi a Kakara, ayaba da fiya araha, kuma kai da kake jin Fulatanci ba za ka yi baƙunta a Gembu ko Nguroje ba. Gandun Gashaka Gumti da ke gindin tsaunin ya fi kowane gandu girma a Najeriya, a nan Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419, kuma akwai biri mai ganga a cikin kurminsa. Amma kurmi ne, da ƙafa ake shiga, mutum na iya kwanaki yana jin kukansu bai sa su a ido ba. Wurin samari ne masu takalmin hawan dutse da hutun wata guda. Ni abin da na samo a can mura ce da ciwon baya, da takaicin kuɗin da wani mai shirya tafiya ya karɓa da alkawarin namun daji, ya ƙare da nuna mana shanun mutane a bayan shingen waya.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba ka tambaya ba. Da zarar ka rubuta Yankari a Facebook ko WhatsApp, masu shirya tafiye-tafiye za su yi maka caa. Akwai na ƙwarai a cikinsu, akwai 'yan damfara. Duk wanda ya turo maka hoton zaki kwance kan itace ko dubban dabbobi suna tsallaka kogi ya ce Yankari ne, hoton Kenya ko Tanzaniya ya kwaso, ka share shi. Duk wanda ya ce tabbas za ka ga giwa, ƙarya yake, giwa ba ta ɗaure a turke. Kada ka tura kuɗin ɗaki cikin asusun mutum don ya ce shi ma'aikacin gandu ne, ɗakuna sun kusa ƙarewa, ka yi sauri. Kuɗin shiga a ƙofa ake biya, na ɗaki da na motar yawo a ofishin masauki, kowanne ka karɓi rasit. In ma da mai shirya tafiya za ka bi, ya rubuta maka dalla-dalla abin da kuɗinka ya ƙunsa: mota, ɗaki, abinci, kuɗin ƙofa, fita daji sau nawa. Farashin da ya yi araha da yawa, a wani wuri za a fanshe, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sai masu shata. In ba da motarka za ka je ba, ku yi ciniki da direba a kan Wikki, ka furta sunan da bakinka a gaban shaida a tasha, da ranar da zai dawo ɗaukarku. Wasu za su amsa maka "Yankari" da fara'a, su sauke ku a Mainamaji su ce ai nan ne Yankari, shiga ciki wani ciniki ne. Ga ka da amarya da akwatuna, ga kilomita 42 na daji wanda ba a yarda a taka da ƙafa ba, me za ka yi in ba ƙari ba? Kada ka biya duka tun farko, rabi yanzu, rabi ranar dawowa. Haka in wani ya raɓo ka a ƙauyukan hanya yana raɗa maka yana da ƙilishin ɓauna, ko fatar damisa, ko kitsen zaki na magani, ka wuce. In na gaske ne laifi ne da zai iya kai ka kotu, in na ƙarya ne kitsen saniya ka saya da tsada.

Ka cika tanki tun daga Gombe ko Alkaleri, ka riƙe tsabar kuɗi don sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne, ka sa katan ɗin ruwa da tocila da abin cajin waya a but. Ku sa kaya masu dogon hannu, masu haske, don ƙudan tsando na kwarin Gaji baƙi da shuɗi yake bi, cizonsa kuma har ta cikin yadi. Ka tambayi direbobin tasha lafiyar hanya kwana ɗaya kafin ku tashi, kuma kada dare ya yi muku a kanta, zuwa ko dawowa. In kun shigo Bauchi ka taɓa ni ta akwatin saƙo, masar Wunti da miyar taushe a wuyana, amarya kuma uwargida na jiranta.