Sharhi kan GParted: rage sashen Windows domin faɗaɗa wa Ubuntu wuri

Matsalar da ta fi kai mutane ga GParted, manhajar da ake rage ko faɗaɗa sassan faifan kwamfuta da ita, ita ce wannan: faifai mai girman GB 512, an ba Ubuntu 60 kawai lokacin ɗora shi, yanzu ya cika, Windows kuwa yana zaune da fili ba ya amfani da shi. Bayan aiki da manhajar a irin wannan hali, hukuncina shi ne tana da aminci, kyauta ce kuma, amma ba za ta gyara wa mutum shirin da bai yi ba.

Shirin daga cikin Windows yake farawa. A kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai daban. A buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a rubuta powercfg /h off, domin hakan yana kashe Fast Startup. In ba a kashe shi ba, Windows ba ya mutuwa sarai, sashen NTFS, wato sashen da Windows ke ciki, yana zama a rabin barci, taɓa shi a haka kuwa yana iya lalata fayiloli. Sai chkdsk C: /f, a sake kunna kwamfutar ya kammala dubawa. Idan akwai BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan faifai, a fara adana mabuɗin ceto mai lambobi 48 a wajen kwamfutar, a kuma sani GParted ba ta iya rage sashen da BitLocker ya kulle.

Shawarata ita ce a bar wa Disk Management na Windows aikin rage C:. Lahaninsa ɗaya: yana tsayawa a inda ya ci karo da fayil da ba ya motsuwa, kamar pagefile ko ajiyar System Restore, sai ya ba da GB 20 alhali akwai fili 200. A nan ne GParted ta fi shi, tunda daga filash ake tada ta, Windows na kashe. Bayan ta rage NTFS, Windows zai duba faifai a tashin farko. A bar shi ya gama, ba lalacewa ba ce.

Abin da na fi yaba mata shi ne ba ta taɓa komai sai an danna Apply. Kowane umarni yana shiga layi a ƙasan allo, ana iya janye shi. Sashen da ke kan aiki yana ɗauke da alamar makulli, kuma ext4, tsarin fayilolin sashen Ubuntu, ba ya raguwa ko motsawa a wannan hali, shi ya sa GParted Live, wadda ake tadawa daga filash, ta fi wadda aka ɗora cikin Ubuntu amfani.

Inda haɗarin yake shi ne gefen hagu. Filin da aka kwato daga C: yana faɗowa ne a hagun sashen Linux, don haka haɗe su na nufin jan farkon sashen zuwa hagu, wato kwashe duk bayanan cikinsa zuwa sabon wuri. A tsohon faifai mai juyawa wannan yana iya cin sa'o'i, in aka ɗauke wuta a tsakiya kuwa, sashen ya tafi. Laftof ya kasance batirinsa cike kuma a jone, kwamfutar tebur kuma kada a fara ba UPS, wato na'urar batiri mai riƙe wuta. GParted tana gargaɗi cewa tashin na'ura zai iya samun matsala, amma gargaɗin gajere ne, bai nuna girman abin ba, kuma wannan ne babban aibinta a wurina.

Akwai hanyar kauce wa wannan haɗari gaba ɗaya: a ƙirƙiri sabon sashen ext4 a filin, a mayar da /home, inda fayilolin mai amfani suke, can, a rubuta UUID ɗinsa, wato lambar shaidar sashen, cikin /etc/fstab, fayil ɗin da Linux ke duba sassan da zai haɗa. Canza girma ba ya sauya UUID, gogewa da sake ƙirƙira ne ke sauya shi.

Ƙaramin sashen EFI mai tsarin FAT32, wanda yawanci Windows ke ba MB 100, kada a taɓa shi, daga nan Windows da GRUB, manhajar da ke tada Ubuntu, duka suke tashi. Zaɓin daidaitawa (Align to) na GParted a bar shi a kan MiB. Wanda Linux ɗinsa ke kan tsarin fayiloli na XFS maimakon ext4 kuma ya sani ana iya faɗaɗa shi, amma GParted ba ta rage shi.